An ce ba ni da ciwon suga, amma an ce jijiyoyina ne abin damuwa

Baban Yusra: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya hana ni sakat tun shekaranjiya. Shekaruna 48. Na je duba lafiya ne haka kawai, babu inda ke mini ciwo. Sakamako ya fito kamar haka: sugan safe kafin in ci komai 112, HbA1c (awon matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku) 6.0, kitse mai cutarwa na LDL 165, awon jini kuma 146 bisa 92, an maimaita shi a ranaku uku daban-daban bai sauko ba. Likita ta ce ba ni da ciwon suga amma ina bakin ƙofarsa. Na zaci maganin suga za ta rubuta. Sai ta ba ni na hawan jini da statin, wato maganin rage kitsen jini, ta ce in rabu da sigari, in dawo bayan wata uku. Da zan fita ta ce jijiyoyin jinina sun fi damunta a kan sugan. Mutane sun yi yawa a layi, ban samu na tambaye ta ba. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi yana da shekara 59, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Don Allah me ya haɗa sugan da bai kai ciwo ba da jijiya?

Usman Lab: Wa alaikumus salam Yallaɓai. Bari in fara da lambobin, tunda aikina ke nan. Idan sugan safe ya kai 126 ko HbA1c ya kai 6.5, kuma aka tabbatar, ciwon suga ne. Daga 100 zuwa 125, ko HbA1c daga 5.7 zuwa 6.4, shi ne matakin gab da ciwon. Akwai gwaji na uku, wanda ake ba mutum ruwan suga giram 75 ya sha a sake aunawa bayan awa biyu, shi kuma matakinsa na gab da ciwon 140 zuwa 199 ne. Wanda na'urarsa ke nuna ƙananan lambobi irin 6.2, ya ninka da 18 zai samu irin waɗannan. Kai kana ciki ta fuska biyu.

Malam Nasiru: Ni fa wannan suna na "gab da ciwon suga" ban taɓa yarda da shi ba. Da can iyakar 110 ce. A 2003 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta sauke ta zuwa 100, dare ɗaya miliyoyin masu lafiya suka wayi gari da sunan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya har yau tana kan 110. In masana ba su daidaita a kan inda layin yake ba, don me za a riƙa tsorata mutane?

Usman Lab: Gaskiyarka a kan 2003, Malam. Amma shi nasa 112 ne, ko da wane ma'auni aka bi ya shiga.

Dakta Hadiza: Baban Yusra, Allah ya jiƙan mahaifi in ya rasu, in yana raye Allah ya ba shi sauƙi. Ban duba ka ba, don haka maganar likitarka ita ce gaba da tawa, amma abin da ta yi shi ne abin da ni ma zan yi da waɗannan lambobi.

Jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ba bututu ba ne kawai. Cikinta akwai wata shimfiɗa siririya ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Ita ke fitar da wani sinadari, naitirik oksaid, wanda ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, ya hana jini daskarewa a bangonta, ya hana ƙwayoyin kumburi manne mata. Gano wannan ne ya sa aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. To insulin, sinadarin jiki mai sauke suga a jini, na cikin abubuwan da ke umartar shimfiɗar nan ta fitar da sinadarin. Mutumin da sugansa ya fara hawa, yawanci shekaru ke nan jikinsa ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata. Tsoka ba ta ji, hanta ba ta ji, ita ma shimfiɗar jijiya ba ta ji. Jiki yana ta ƙara zubo insulin don ya riƙe suga a ƙasa, shi ya sa gwaji ke fitowa lafiya na tsawon lokaci alhali ɓarnar ta fara.

A lokaci guda hanta na ƙara fitar da maiƙo cikin jini, kitse mai amfani na HDL yana raguwa, ƙwayoyin LDL suna zama ƙanana masu saurin kutsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: shimfiɗa ta yi rauni, LDL ya shige ƙarƙashinta ya zauna, jiki ya turo ƙwayoyin kariya su cinye shi, su ma su maƙale, a hankali wurin ya zama tudu a jikin bangon. Shi kuma sugan kansa yana manne wa zaren da aka saƙa bangon jijiya da shi, ya ɗaure su da juna, jijiya ta sandare. Ka dubi tiyon roba sabo da wanda ya shekara a rana. Sabon yana buɗewa in ruwa ya zo da ƙarfi, tsohon ba ya ba da kai. Babbar jijiya in ta sandare haka, lambar sama ta awon jini sai ta hau, hawan jinin kuma ya ƙara gurje shimfiɗar.

Baban Yusra: Ya rasu Likita, shekara tara ke nan. Na gode da addu'a. Ke nan tawa jijiyar ta riga ta lalace?

Dakta Hadiza: Allah ya gafarta masa. Ba wanda zai ce ta lalace daga waɗannan lambobi. Abin da suke nunawa shi ne abubuwa huɗu na aiki a kanta lokaci guda: sigari, hawan jini, LDL da suga, ga kuma tarihin gida. Uku na farko sun fi na huɗun ƙarfi a wurinka yanzu.

Malam Nasiru: Bayanin ya yi daɗi Likita, amma ina son adadi. Haɗarin nawa ne?

Dakta Hadiza: A 2020 mujallar BMJ ta buga nazarin da ya tattara bincike 129, mutane fiye da miliyan 10. Masu wannan mataki haɗarin cututtukan zuciya da jijiya ya ƙaru musu da kusan kashi 15 cikin 100 in an kwatanta da masu suga daidai, shanyewar ɓarin jiki kashi 14, mutuwa ta kowane dalili kashi 13.

Malam Nasiru: Kashi 15. Wato wanda haɗarinsa 10 cikin 100 ne ya koma 11 da rabi. A kan wannan ake ɗaga hankalin duniya?

Dakta Hadiza: Ba zan yi maka musu ba, ƙari ne ɗan kaɗan. Sigari shi kaɗai yana ninka haɗarin ciwon zuciya sau biyu ko fiye. Zan ma ƙara maka hujja. An gwada sauke sugan shi kaɗai da magani a irin waɗannan mutane don a ga ko zuciya za ta tsira. A gwajin NAVIGATOR na 2010 maganin nateglinide bai rage komai ba. A gwajin ACE da aka yi a ƙasar Sin, wanda ya fito a 2017, acarbose ya rage masu faɗawa ciwon suga amma bai rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba. Inda muka rabu da kai shi ne abin da za a yi da wannan labari. Kai kana cewa a manta da shi. Ni ina cewa ruwa ba ya tsami banza. Sugan da ya ɗan hau yana gaya mini in auna jini, in duba kitse, in auna ƙugu, in tambayi sigari, domin da wuya ya zo shi kaɗai. Tun 1988 wani likitan Amurka, Gerald Reaven, ya nuna cewa waɗannan abubuwa tafiyarsu ɗaya kuma tushensu ɗaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya sayi na'urar awon suga yana soka yatsa safe da yamma, yana murna in ya ga 98, amma bai san awon jininsa ba.

Aliyu S.: Ku tsaya. Ni na karanta cewa statin da kansa yana jawo ciwon suga. Ta yaya za a ba wanda ke bakin ƙofa abin da zai tura shi ciki?

Baban Yusra: Subhanallah. Da gaske ne wannan? Daren jiya na fara sha.

Dakta Hadiza: Da gaske ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2010, gwaji 13 da mutane wajen 91,000, ya nuna ƙarin kashi 9 cikin 100. A aikace, sai an ba mutum 255 maganin tsawon shekara 4 kafin a samu mutum ɗaya ƙari da ciwon suga. Kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne irinka, masu sugan da ke kusa da layi, domin maganin yana ɗan ɗaga shi ne kaɗan sai ya tsallake. A ɗaya ɓangaren, duk lokacin da aka sauke LDL da kimanin 39, manyan matsalolin jijiya suna raguwa da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Naka 165 ne, akwai wurin saukowa sosai. HbA1c ya tashi daga 6.0 zuwa 6.1 abu ne da ake iya bi a gyara. Jijiyar ƙwaƙwalwa in ta toshe, ka ga abin da ke biyo baya a gidanku. Kada ka daina, amma ka faɗa wa likitarka wannan damuwar in ka koma, kuma in ka ji ciwon tsoka mai tsanani ko fitsari ya yi duhu kada ka jira wata uku.

Anti Rabi: Kun yi ta maganar ƙwayoyi kun bar babban abin. Shekara ashirin ina aikin jinya, abin da na fi gani yana sauya mutane shi ne tafiya da rage teɓa. Babban gwajin Amurka da ya fito a 2002, mutum 3,234: waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma motsa jiki minti 150 a mako, faɗawa ciwon suga ya ragu da kashi 58. Maganin suga na metformin kashi 31 ya rage. Mai kilo 90, kilo 6 da 'yan kai ake nema, ba a ce ya koma yadda yake yana saurayi ba. Kuma tsoka in tana aiki tana jan suga daga jini ko insulin bai ce mata komai ba, shi ya sa tafiyar minti goma ko sha biyar bayan cin abinci take da amfani.

Malam Nasiru: Anti, wannan gwajin da kika kawo an ci gaba da bin mutanensa shekara 21. Rahoton 2022 ya ce babu bambanci a bugun zuciya da shanyewar jiki tsakanin waɗanda suka motsa jiki, da masu metformin, da waɗanda aka ba maganin bogi. Ai jijiya muke magana a kai.

Anti Rabi: To in ciwon sugan ya jinkirta shekaru, ido da ƙoda da ƙafa ba su huta ba? Su ma ai jijiyoyi ne ke ciyar da su, ƙanana.

Dakta Hadiza: Ku biyun kuna da gaskiya, kuma wannan shi ne wuri mafi wuya a maganar. Abin da Malam ya faɗa haka yake. Sai dai bayan ƙarshen gwajin an buɗe wa kowa shirin motsa jikin, kuma da yawa daga dukkan rukunonin sun koma shan statin da maganin hawan jini, wanda zai iya shafe bambancin. Ga kuma gwajin birnin Daqing na ƙasar Sin, da aka fara a 1986 da mutum 577. Shekara 6 kacal aka yi ana koya musu gyaran abinci da motsa jiki. Da aka waiwaye su bayan shekara 30, ciwon suga ya jinkirta musu da kusan shekara 4, matsalolin zuciya da jijiya sun ragu da kashi 26, mutuwa ta dalilinsu da kashi 33. A shekarun farko ba a ga wannan ba, sai da aka yi nisa. Ni abin da na ɗauka shi ne amfanin gyaran rayuwa ga manyan jijiyoyi na gaske ne amma yana da nawa, shi kuma sauke hawan jini da LDL da barin sigari amfaninsu yana bayyana cikin 'yan shekaru. Mai shekara 48 yana buƙatar duka biyun.

Maman Ilham: Likita ni fa? Na yi sugan ciki a haihuwata ta uku, bayan na haihu ya tafi. Sugan safe na 94, amma da aka yi mini na shan ruwan suga 163 ya fito. Wani ya ce tunda na safe lafiya ne in manta.

Dakta Hadiza: Kada ki manta Maman Ilham. Binciken DECODE na Turai, tun 1999, ya nuna awon bayan awa biyu ya fi na safe nuna haɗarin da ke gaba. Kuma matan da suka yi sugan ciki haɗarin cutar zuciya da jijiya ya fi yawa a kansu daga baya, har waɗanda ba su kai ga ciwon suga ba. Ki riƙa gwaji duk shekara, a haɗa da awon jini da na kitse, kuma duk likitan da kika je wurinsa ki gaya masa tarihin cikin nan ko bai tambaya ba.

Usman Lab: Ƙari a kan wannan: HbA1c yana auna sugan da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini ne cikin wata biyu zuwa uku. Duk abin da ya taɓa rayuwar ƙwayoyin yana iya karkatar da shi: sikila, ƙarancin jini, ƙarin jini da aka yi kwanan nan, juna biyu. Mai irin wannan ya faɗa kafin a ɗebi jininsa, a haɗa masa da gwajin suga kai tsaye.

Aliyu S.: Akwai wasu ƙwayoyi da nake gani ana tallarsu a intanet, wai suna wanke jijiya cikin kwana talatin.

Anti Rabi: Ɗana, ka riƙe kuɗinka. Tudun nan a cikin naman bangon yake, ƙarƙashin shimfiɗa, ba datti ne da ke kwance a hanya ba balle a kora shi da ruwa. Haɗarinsa ma ba toshewa a hankali kaɗai ba ne, fashewa yake yi jini ya daskare a kansa nan take. Maganin gaske yana kwantar da shi ne ya ƙarfafa murfinsa. Wasu daga cikin ƙwayoyin tallan nan kuwa hanta da ƙoda suke taɓawa.

Baban Yusra: To ko in je a yi mini hoton jijiyoyin in san inda nake?

Dakta Hadiza: Akwai hoton da ke auna taruwar alli (kalsiyam) a jijiyoyin zuciya, akwai na jijiyar wuya, akwai kuma gwaji mai sauƙi da ake kwatanta awon jinin idon sawu da na hannu, in ya yi ƙasa da 0.9 jijiyar ƙafa ta ƙuntata. Amfaninsu ya fi yawa ga wanda ake shakkar a ba shi magani ko a bari. Kai babu shakka a naka, kuma ga mai shan sigari ko hoton allin ya nuna sifili ba ya wanke shi. Abin da nake so ka riƙe su ne alamomi. Nauyi ko matsi a ƙirji in kana hawa bene. Ciwon sha-raɓa da ke zuwa in kana tafiya ya lafa in ka tsaya. Ga maza, raunin gaba da ya zo ba dalili, domin jijiyoyin wurin sirara ne, sukan nuna matsala shekaru kafin na zuciya, kuma kunya kan sa a ɓoye wa likita. Sai kuma baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta harɗe, ko da na minti biyar ne ya wuce: wannan asibiti ne a take. Kuma kada kowa ya fara shan asfirin kullum da kansa, yana iya jawo zubar jini a ciki.

Malam Nasiru: Bari in faɗi abin da ya sa nake zafi a kan wannan. Mahaifiyata shekararta 78. An ce mata tana gab da ciwon suga da HbA1c 5.8, ba wani bayani. Tsoro ya sa ta kusa daina cin abinci, ta rame, ƙarfinta ya tafi, har ta faɗi a banɗaki. Mun fi wata shida kafin ta dawo daidai.

Dakta Hadiza: Allah ya ƙara wa Mama lafiya. An yi mata kuskure, kuma bincike na bayanka: wani nazari na 2021 a kan tsofaffi a Amurka ya nuna waɗanda sugansu ya koma daidai sun fi waɗanda suka faɗa ciwon suga yawa. A shekarunta ƙarfin tsoka da awon jini da kiyaye faɗuwa su ne abin lura. Lamba ɗaya ce, amma abin da take nufi ga mai 78 daban, ga mai 48 mai sigari da hawan jini daban.

Malam Nasiru: Amin, na gode. Har yanzu sunan bai kwanta mini ba, amma a kan Baban Yusra ba ni da ja.

Baban Yusra: Na auna ƙuguna yanzu, santimita 104, tsawona 172.

Anti Rabi: Ana so ƙugu ya gaza rabin tsawo, naka ke nan ƙasa da 86. Kada ka sa wannan a gaba yanzu, ka fara neman santimita biyar. Ina maganar sigari?

Baban Yusra: Ita ce mai wuyar Anti. Shekara 22 ina sha. Sau biyu ina bari ina komawa, kuma duk lokacin da na bari sai in yi ƙiba, shi ne nake tsoron sugan ya ƙara hawa.

Anti Rabi: Ƙibar kan zo, kilo kaɗan ne ga yawancin mutane, kuma ko da ita jijiyarka ta ci riba. Shekara guda da bari, ƙarin haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Wancan karon da ƙarfin hali kaɗai ka yi? Akwai cingam da filastar nikotin, akwai ƙwayar varenicline da likita ke rubutawa. Kada ka jira wata ukun, ka koma wurinta makon nan a kan wannan kaɗai, ka tafi da ranar da ka tsayar.

Baban Yusra: Da ƙarfin hali kaɗai na yi, ban ma san akwai magani ba. Zan koma ranar Litinin in sha Allah. Na'urar awon jini ta gida, ta hannu ko ta damtse zan nema?

Dakta Hadiza: Ta damtse, kuma ka duba girman maɗaurin ya dace da damtsenka. Ka zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur, ba sigari ko kofi rabin awa kafin nan. Awo biyu da safe, biyu da dare, kwana bakwai, ka rubuta a takarda ka kai mata.